Bugun Bango a Setapak

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Nusaiba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, Allah ya sa sanyin da ake ba mu labari bai tarbe ki tun daga ƙofar jirgi ba. Allah ya tsare min ke gaba da baya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Abbanki yana gaishe ki, sai dai bai san da wannan takarda ba.

Na san sai kin zazzage akwatinki a ɗakinki na Seoul za ki gan ta, don can ƙasa na cusa ta, cikin wata 'yar samira mai murfi da na naɗe da tsohon ɗankwali. Na kuma san abin da za ki fara cewa: Mama da kwashe-kwashe, ana auna wa mutum kaya ita tana cusa masa tsohon kwano. Ki karanta har ƙarshe tukuna, sannan ki yi mitar.

Ban yi niyyar rubuta miki komai ba, nasihar baki na yi miki har kin fara amsa min da "to" tun ban rufe baki ba. Amma shekaranjiya da la'asar kina ninke kaya a ɗaki, ina kicin ina yanka albasa, sai na ji kina rera wata waƙa a maƙogwaro. Sai da wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na leƙo na tambaye ki inda kika ji ta, kika ɗaga kafaɗa kika ce, "I don't know lah, Mama, tun ina ƙarama take kaina. Wani old drama ne ina ga." To ni na san inda kika ji ta. Ta bango kika ji ta, kwana uku a jere, kina da shekara tara.

Ba zan ce miki fim ɗin Koriya mugun abu ne ba, don ni na fara shigo da shi gidan nan, kuma shi ya sa miki son yarensu har Allah ya ba ki gurbin karatu a can. Kurakuraina zan faɗa miki, ke kuma ki ɗauki abin ɗauka.

Lokacin da muka zo Kuala Lumpur Abbanki ya fara digiri na uku, a hawa na sha shida muka zauna a Setapak. Ke ba za ki tuna yadda gidan ya yi min ba. Ni da na tashi a gidan da in ka yi atishawa mutum biyar za su tanka maka, sai ga ni a wani dogon korido, ƙofofi a jere, kowacce da ƙofar ƙarfe mai raga da kwaɗo, ga takalma a waje amma ba ka ganin masu su. Da safe motar makaranta ta ɗauke ki, Abbanki ya tafi ɗakin gwaje-gwajensa, ni kuma in zauna ina jin ƙarar fanka. Ko kiran salla ba ya hawowa sosai.

Ƙofar da ke jikin tamu ta Kubra ce, wadda kike kira Anti Kubra, mai ba ki alewar madara. 'Yar Azare ce, mijinta Malam Bashir shi ma digiri na uku yake yi, a fannin noma. Ranar da na fara jin sallamarta da Hausa a bakin ƙofa saura kaɗan in rungume ta. Ita ta kai ni Chow Kit ta nuna min inda ake samun zogale da kuɓewa, ita ce kuma a hanyar dawowa ta ja ni wajen wani mai sayar da faifan DVD. Mutumin ya miƙo mana wani kwali mai hoton saurayi da budurwa a ƙarƙashin lema, ya ja yatsa daga idonsa zuwa kumatu, wai wannan sai mun yi kuka. Na ce mata, "Ke Kubra, me zan yi da mutanen da ba na jin yarensu, kuma duk kamarsu ɗaya?" Ta yi dariya ta ce, "Maman Nusaiba, ki kalli kashi biyu kawai. In kin iya tsayawa a nan, ni zan wanke miki kwanuka sati guda."

Ba ta wanke ko cokali ba. Abin da ya kama ni shi ne kunyarsu. A yi kashi goma saurayi bai riƙe hannun yarinya ba, sai kallo da sunkuyar da kai. Suna cire takalmi a bakin ƙofa, su zauna a ƙasa su ci abinci, yaro ya rusuna wa babba, uwar miji ta tsuke fuska sak irin ta unguwarmu. Sai na ji kamar gida aka kawo min da wata fuska. Ashe ba ni kaɗai ba ce. A jirgin ƙasa 'yan matan Malay ne da hijabinsu suna hirar fim ɗin, tsohuwar 'yar China mai kanti a ƙasan benenmu tana ba ka canji idonta na kan talabijin, har ƙannena a Kano suna roƙo in aiko musu da faifai in an samu mai tafiya. Kowa da ƙasarsa, amma hawayen iri ɗaya.

Kuskurena na farko labule ne. Hasken rana yana kashe hoton talabijin, don haka da kun fita sai in ja labulen falo, mai kauri ne, ɗakin ya yi duhu. Daga nan ban ƙara sanin ina rana take ba. Kin san garin nan, da rana tsaka hadari zai haɗo gari ya yi kamar magariba, to ni ko wannan ban sani ba sai na ji tsawa. Sau nawa ina cewa bari wannan kashin ya ƙare in yi azahar, sai in ji motarku ta dawo da ke, la'asar ta yi. Wata rana na tashi shan ruwa na ga fuskata a gilashin tagar kicin, na kai minti guda ina kallonta kamar baƙuwa ce ta leƙo. Nusaiba, duk ɗakin da aka ba ki, da safe ki buɗe labulensa kafin ki taɓa waya. Ki san gabas, ki san inda rana take faɗuwa. A can babu ladanin da zai tuna miki, kuma wanda ya daina ganin rana ba ya sanin ranar da ya fara ɓacewa.

Na biyu abin dariya ne, amma lokacin ba dariya nake ba. Na fara auna Abbanki da mazan cikin fim. Wata rana ruwa ya tare mu a bakin kantin mamak, gidan abincin Indiyawan garin nan, lema ɗaya ce a hannunsa, bawan Allah ya buɗe ta ya rufe jakar kwamfutarsa ya ce in biyo shi da sauri. Kwana biyu ina gaba da shi, shi bai ma san ana yi ba. Da na gaya wa Kubra ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce nata ma da zai samu hali tsiron masararsa zai riƙe wa lema. Yanzu ga ki a ƙasar masu lemar. Ki sani wancan na cikin fim zama aka yi aka rubuta masa abin da zai faɗa, aka shafa masa hoda, aka kunna masa kiɗa. Na kan titi ɗan Adam ne, yana gajiya, yana fushi, kuma ba dole ne ya san darajarki ba. Kar ki raina mai kula da ke don bai iya tsayuwa a ƙarƙashin bishiya yana kallon sama ba. Wannan mai jakar kwamfutar shi ya fasa ƙofar da zan ba ki labari.

Kuskure na uku shi ya haifi na huɗu. Da farko kullum da hantsi sai ɗayarmu ta shiga wajen ɗaya, a gaisa, a tambayi kwanan iyali, kamar yadda aka koya mana a gida. Da kallo ya yi nisa sai gaisuwar ta fara cin lokaci. Falonmu da nasu bango ɗaya ne, kuma bangon ba shi da kauri, ina jin talabijin ɗinta tana jin nawa. Sai muka ƙirƙiro wata dabara. Bugu biyu a bango, na tashi lafiya, na kunna. Bugu uku, an zo wajen kuka ko wajen daɗi. In abin ya kai maƙura, sai mutum ya yi ta dukan bango da tafin hannu. Muna ganin wayewa ce. Sai mu yi kwana biyu, uku, ban ga idonta ba, alhali tsakanin ƙofata da tata bai fi taku huɗu ba.

A lokacin Kubra tana da ciki wata bakwai, na fari, bayan shekara shida ana jira. Malam Bashir kuma dole ta kama shi ya koma gida ya zaga ƙauyuka ya tattaro bayanai daga manoma, sati biyar zai yi, wasu wuraren ko sabis babu. Likita ya ce kar ta hau jirgi. Ranar da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofarmu da akwatinsa, ya gaisa da Abbanki, sannan ya juyo ya rusuna min ya ce, "Hajiya, ga amanar Kubra nan. Ba ta da kowa a ƙasar nan sai Allah sai ku." Na ce, "Haba Malam, ai ko tari ta yi ina ji." Wallahi haka na ce masa.

Ranar wata Litinin ta shigo da wannan samirar cike da dambun shinkafa, da faifai uku na wani sabon fim da ta riga ni nisa a ciki. Na ƙarshen ta riƙe, ta ce gobe za ta gama. Ta zauna a hannun kujera ta ce, "Kaina yana sara min tun jiya, kin ga kuma yadda ƙafata ta yi." Na duba, ta kumbura sosai. Na ce, "Ciki ne, haka na yi da na Nusaiba. Ki ɗora ta kan filo." Ina maganar idona na kan kwalin faifan. Da za ta fita ta juyo ta ce, "Saura ki dawo min da kwanona wayam, in kai ƙararki Kano." Muka yi dariya.

Talata bayan azahar ta buga biyu, na buga biyu. Kowa ya kunna nasa. An fara ruwa, falon ya yi duhu. Can wajen ƙarfe biyu da wani abu sai na ji bugu a bango, da yawa, ba tsari. Na yi murmushi na ce lallai Kubra ta kai ƙarshe, ko dai an yi auren ko wani ya mutu. Na lura da abu ɗaya, bugun ba daga inda ta saba yake fitowa ba. Ta saba bugawa daga kan kujera, daidai kafaɗata. Wannan daga ƙasa yake, dab da tayil. Na lura, Nusaiba, ba zan ce ban lura ba. Amma a nawa allon saurayin yana gudu a filin jirgi zai tsayar da yarinyar. Na miƙa hannu na buga mata uku, na ɗauki rimot na ƙara murya don kar in jiyo ƙarshen ta bango. Bugun ya ɗan ci gaba, yana raguwa, sannan ya tsaya.

Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko Abbanki bai sani ba, ke ce ta farko.

Ku 'yan yanzu ba ku san faifai ba. In ya ƙare, komawa yake shafin farko, inda ake zaɓen kashi, ya yi ta maimaita guntun waƙar fim ɗin har sai an zo an kashe. Waƙar kuma ita ce dai ake sawa a farkon kowane kashi. Don haka duk sanda na rage nawa sautin na ji ta ta bango, sai in ce Kubra ta sake sabon kashi, ko ta koma farko. Ɗakunan barcinmu suna ɗaya ɓangaren, can ba a jin komai. Laraba na buga biyu ba a amsa ba, na ce ta yi nisa. Na fita karɓo ki, na ga silifas ɗinta a inda suke jiya, ɗaya ya hau kan ɗaya, ga takardun talla an soka a ragar ƙofarta ba a cire ba. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na tuna samirarta tana kicin ɗina a wanke, babu komai a ciki. Kwana biyu ban ɗora tukunyar kirki ba, daga mamak nake sayo mana abinci. Kunya ta kama ni, na ce gobe in na yi ɗanwake sai in shiga gaba ɗaya. Da yamma Abbanki ya ce, "Ya maƙwabciyar taki?" Na ce, "Lafiyarta ƙalau, ba ka jin ta tana kallo?"

Alhamis kin dawo daga makaranta kina cin abinci a ƙasa, bayanki jingine da bangon. Kika ɗago kika ce, "Mama, why nobody is talking in Anti's TV? Waƙar ce kawai, again and again. Tun jiya." Na kashe nawa. Muka kasa kunne ni da ke. Waƙar ta tafi, ta kai wani wuri ta yanke, ta dawo farko. Ta sake tafiya, ta yanke, ta dawo. Na fita da gudu.

Na buga ƙofarta har hannuna ya yi ja. Na kira wayarta, ina jin tana ringi a ciki tare da waƙar. Na kira Abbanki, ya taho da masu gadi da mai gyaran makulli, ni kuma na tura ki hawa na tara wajen wata 'yar Zariya. Da aka yanke kwaɗon shi ya sa kafaɗa ya ɓalle ta katakon. Labule a rufe. Babu haske sai na talabijin, saurayi da budurwa a ƙarƙashin lema, dusar ƙanƙara tana zubo musu, ta ƙare ta sake zubowa. Kubra tana kwance a ƙasa a jikin bangonmu, hannunta a miƙe, wayarta can kan teburin kicin inda ba ta iya kaiwa ba. Daga inda ta faɗi ta ja jiki ta zo inda ta san akwai mai jin ta.

An ce jininta ne ya hau. Abbanki ya tambayi likita ko da an same ta a ranar farko da an yi wani abu. Har yau bai gaya min amsar ba, ni ma ban sake tambaya ba. A nan aka binne ta da abin da ke cikinta, 'yan uwanmu ɗalibai suka yi mata salla. Malam Bashir ya iso bayan kwana huɗu. Da ya zo sallama ya ce min, "Hajiya, kun yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Samirar tana bayan ƙofa a hannuna, na kasa miƙa masa.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na kuma yi istigfari ina kan yi. Amma an ba ni amana, ta kira ni, na amsa mata da bugu uku.

Kuskure na ƙarshe ke na yi wa. Sati guda kika yi a hawa na tara, da kika dawo muka ce miki Anti ta koma Azare. Kin yi ta tambaya me ya sa ba ta yi miki sallama ba, har kika yi fushi da ita. Ki yafe min, ki kuma daina fushin, ki sa ta a addu'a. In kin yi kuskure a can, komai muninsa, ki faɗe shi da wuri ga wanda ya kamata. Nawa shekara tara na rufe shi, bai ragu ba ko kaɗan.

Bayan wata biyu muka tashi muka dawo Bukit Jalil. Abbanki yana zaton don kusa da makarantarsa na matsa. Gaskiyar ita ce gidan Kubra yana rufe ba kowa, amma duk ranar da aka yi ruwa bayan azahar sai in ji bugu a ƙasan bango. Na gaya masa sau ɗaya, ya ce bututun ruwa ne. Na yarda, don na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Sai dai nan ma akwai bututun, kuma shi ma ƙasan bango yake bugawa, shi ma sai ana ruwa.

To ga abin da nake so da ke. Ki yi kallonki, ban hana ki ba. Amma a satin farko ki dafa wani abu, ko shinkafa da wake ce, ki zuba a samirar nan ki ƙwanƙwasa ƙofar da ke jikin taki. Ko 'yar wace ƙasa ce, ko za ta yi miki kallon mahaukaciya, ki tsaya har ta buɗe ki ga fuskarta ta ga taki. In ta riƙe kwanon, ki koma karɓa, wannan ma dalilin gaisuwa ne. In nata ne a hannunki kuma ba ki da abin zubawa, ki mayar da shi wayam, kunyar ba ta kashe kowa. Jin motsin mutum ko kiɗansa ba shi ne ganinsa ba. In kin ji bugu a bango, ko kin tabbata na wasa ne, ki ajiye abin da ke hannunki ki je.

Ni ma haka zan yi da ke. Kar ki ce ai na ga wayarki tana nuna kina kan layi, ko kin turo min hoton abinci. Ni na taɓa zama kwana uku ina jin waƙa ina cewa lafiya. Kullum zan kira, muryarki nake so, ki amsa ko da "Mama ina aji" ne. Ranar da na kira sau uku ba ki ɗauka ba, zan tayar da duk wanda na sani a ƙasar nan da waccan har sai an buɗe ƙofarki, ki ji haushina daga baya.

Allah ya ba ki abin da kika je nema, ya tsare miki imaninki da mutuncinki, ya ba ki maƙwabtan da suka fi mahaifiyarki. Allah ya jiƙan Kubra da ɗanta, ya sa ta yafe min. Ya dawo min da ke lafiya ina raye.

Kin fita sallama da ƙawayenki, gidan ba kowa sai ni, ga ruwa ya sauko. An fara bugun. Na san ba matar da ke maƙwabtaka da mu ba ce, jiya ma da na je ta ce ba ta taɓa bango ba. Duk da haka bari in ɗauki mayafina in je in gan ta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.